Ƙarfi, Mas da Sauyin Gudu: Tambayoyi da Amsoshi kan Dokar Newton ta Biyu

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta matso, tambayoyi iri ɗaya ɗalibai ke kawo mini a kan F = ma. Kusan kowa ya haddace haruffan nan uku, amma da zarar an sauya wa tambaya riga sai a rikice. Na tattaro waɗanda suka fi dawowa, har da wasu da suka fi shafar direbobi, magina da 'yan garuwa, domin su ma da wannan doka suke cin abinci kullum ko da ba su taɓa jin sunanta ba.

Me F = ma ke faɗi da Hausa zalla?

F ƙarfi ne, wato turi ko ja. Harafin m shi ne mas, yawan abin da ke cikin jikin abu, wanda ake aunawa da kilo. Harafin a kuma sauyin gudu ne: yadda gudun abu ke ƙaruwa, ko raguwa, ko karkata zuwa wata alƙibla a cikin kowane sakan. Dokar ta ce idan ka ninka ƙarfi, sauyin gudu zai ninka. Idan kuma ƙarfin yana nan yadda yake amma ka ninka mas, sauyin gudun zai koma rabi.

Ɗauki ɗan garuwa da kurarsa. Jarka goma sha biyu, kowace lita 25, ruwan kaɗai kilo 300 ke nan, a haɗa da kurar da jarkokin a ce 350. Idan ƙarfin da ya rage masa bayan an cire turjiyar hanya niyuton 70 ne (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), gudun kurar zai riƙa ƙaruwa da mita 0.2 a sakan cikin kowane sakan. Da ya sayar da ruwan ya juyo da kura wofi mai kilo 50, wannan ƙarfin dai zai ba shi mita 1.4, ninki bakwai. Shi ya sa za ka gan shi da safe ya duƙa yana nishi kafin taya ta motsa, a dawowa kuwa da hannu ɗaya yake turawa yana hira.

Mene ne bambancin gudu da sauyin gudu? Na ɗauka abu ɗaya ne.

A nan mafi yawan kuskure ke farawa. Gudu shi ne nisan da ka ci a cikin lokaci. Sauyin gudu kuwa yana duba yadda shi gudun kansa ke canzawa. Motar da ta miƙe kan titin Kano zuwa Zariya, allurar gudu na tsaye cak a kan 100, tana gudu sosai amma sauyin gudunta sifili ne. Ɗan acaɓa da ya tashi daga tsaye ya kai mita 10 a sakan cikin sakan biyar, gudunsa kilomita 36 ne kacal a awa, amma yana da sauyin gudu na mita 2 a sakan cikin kowane sakan. Wannan maimaita sakan sau biyu shi ne dalilin rubuta m/s².

Jiki ba ya jin gudu, sauyinsa yake ji. A cikin jirgin sama da ya daidaita a sararin samaniya kana iya zuba shayi a kofi ba tare da ɗigo ya zube ba, alhali yana cin kusan kilomita 900 a awa. Lokacin da yake sheƙa gudu a ƙasa zai tashi, gudunsa bai kai rabin haka ba, amma a nan ne bayanka ke mannewa da kujera.

Me ya sa kake cewa mas, ba ka ce nauyi ba?

Domin abu biyu ne, kuma harshenmu na yau da kullum ya haɗe su a kalma ɗaya. Ba laifi a kasuwa, amma a lissafi sai an raba. Mas na cikin abu, duk inda ka kai shi yana nan. Nauyi kuwa ƙarfi ne, shi ne janyowar da ƙasa ke yi wa wannan mas ɗin, kuma ya danganta da inda kake. A doron ƙasa kowane kilo ɗaya ana janyo shi da kusan niyuton 9.8. Buhun siminti mai kilo 50 nauyinsa niyuton 490. Ka kai shi duniyar wata, inda janyowa ba ta wuce kashi ɗaya cikin shida na tamu ba, nauyinsa zai faɗo zuwa kusan niyuton 81, yaro ma ya ɗaga shi. Amma simintin da ke ciki bai ragu ba, kuma idan aka wurgo maka shi a ƙirji a can, zai kayar da kai yadda zai kayar da kai a nan.

Ni na fi son in bayyana mas da taurin kai. Shi ne gwargwadon yadda abu ke ƙin a sauya masa hali: in yana tsaye ya ƙi tashi, in yana tafiya ya ƙi tsayawa.

Ma'aunan kasuwa ma sun rabu a kan wannan. Sikeli mai faranti biyu yana kwatanta mas da mas, don haka ko a wata amsa ɗaya zai bayar. Sikelin rataya mai sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai miƙewa, nauyi yake ji, a wata zai yi ƙarya. Tiya da mudu kuwa ba ruwansu da ko ɗaya, cika wuri suke aunawa, shi ya sa tiyar gero da tiyar dusa ba su zo ɗaya a hannu ba.

Nawa ne niyuton ɗaya?

Ƙarfin da zai ƙara wa kilo ɗaya gudun mita ɗaya a sakan cikin kowane sakan. A hannu, kamar nauyin abu mai giram 100 ne, misalin ƙwai biyu ƙanana. A 1948 babban taron awo na duniya ya amince da wannan suna don girmama Isaac Newton.

Idan ƙarfi sauyin gudu yake kawowa, me ya sa sai direba ya ci gaba da taka totur kafin mota ta riƙe gudunta?

Wannan tambaya ta ɗaure wa masana kai kusan shekara dubu biyu, don haka wanda ya yi ta bai yi abin kunya ba. Aristotal na ƙasar Girka ya koyar da cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai akwai mai tura shi, kuma ido ma haka yake gani: ka saki kura, ta tsaya. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo wani tunani dabam. Ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wata karkata da ya kira maili, wadda ba ta ƙarewa da kanta, sai dai abubuwan waje irin su iska su cinye ta. Galileo na Italiya ya bi ta hanyar gwaji, yana gangaro da ƙwallaye a kan katako mai santsi yana auna lokaci. Daga nan Newton ya ɗora.

Amsar ita ce F ɗin da ke cikin dokar ba ƙarfin inji kaɗai ba ne, ragowar ƙarfi ne bayan an yi ɗebe da tarawa. Inji na tura mota gaba, iska na dannarta baya, gogayyar taya da kwalta da ta ƙarafan ciki su ma suna ja baya. Idan turin gaba ya yi daidai da jan baya, ragowa sifili ce, sai gudu ya tsaya a inda yake, ba ƙari ba ragi. Ƙarfin da inji ke bayarwa a miƙaƙƙiyar hanya kusan duk a biyan bashin iska da gogayya yake tafiya. Inda babu masu bin wannan bashi, ba a bukatar totur. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yanzu yana nesanta da rana da gudun kusan kilomita 17 a sakan, ba tare da wani inji na tura shi gaba ba.

Dutse babba ba ya riga ƙarami faɗowa?

Ba ya riga shi, muddin iska ba ta shiga tsakani ba. Gaskiya ne ƙasa ta fi janyo babban da ƙarfi, ninki goma idan mas ɗinsa ninki goma ne. Amma taurin kansa ma ninki goma ne. Ka raba ƙarfin da mas, goma ta cinye goma, kowa ya tashi da sauyin gudu na mita 9.8 a sakan cikin sakan. Abin da ke yaudararmu ganye ne da auduga da gashin kaza, waɗanda iska ke tarewa. A watan Agusta na 1971 ɗan sama jannati David Scott na tafiyar Apollo 15 ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu lokaci guda, suka dira tare a gaban kyamara.

Ba sai ka je wata ba. Yanki takarda da ba ta kai faɗin littafi ba, ka ɗora ta a bayansa, ka sake su. Littafin ya tare mata iska, tare za su sauka. Ina son wannan gwaji fiye da kowane zane a allo, domin na sha ganin fuskar ɗalibi ta sauya a cikin sakan ɗaya.

Abin da ke faɗowa yana cin mita 4.9 a sakan na farko, ya kai 19.6 a ƙarshen na biyu, 44.1 a ƙarshen na uku. Da wannan kana iya ƙiyasta zurfin busasshiyar rijiya: in tsakuwa ta ɗauki sakan biyu kafin ka ji ƙararta, zurfin ya kusa mita 20.

Me ya sa igiyar guga ke tsinkewa idan an fizga, alhali ta saba ɗaukar gugan?

Guga cike mai kilo 10 idan yana rataye, ko ana jan sa a hankali da gudu ɗaya, igiya na ɗauke da niyuton 98 ne kawai. Da ka fizga, ka ɗora mata aiki na biyu, wato ƙara wa gugan gudu. Fizgar da ta ba shi mita 5 a sakan cikin sakan za ta ƙara niyuton 50, jimla 148. Tsohuwar igiyar da ke iya jure 120 sai ta ce ga garinku nan, a koma neman ƙugiya a maƙwabta. Direban da ke jan motar da ta lalace ya san wannan sarai: a hankali ake tashi har igiya ta miƙe.

Mene ne haɗin wannan doka da bel ɗin mota?

Wannan ce tambayar da na fi so kowa ya karanta, ko da zai tsallake sauran. Mota na tafiya da kilomita 72 a awa, wato mita 20 a sakan. A ciki akwai mutum mai kilo 70. Idan direba ya taka birki ta tsaya cikin sakan biyar, gudu na raguwa da mita 4 kowane sakan, ƙarfin da jikin mutumin ke bukata don ya tsaya tare da motar niyuton 280 ne. Ƙafa da kujera sun isa.

To a ce motar bishiya ta daka, ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Gudun da za a kashe bai canza ba, mita 20 ne, amma lokacin ya ragu sau hamsin, don haka ƙarfin ya ninka sau hamsin: niyuton 14,000. Wannan ya kai nauyin buhun siminti 28. Babu hannun da zai dafe sitiyari ya tare wannan. Motar ta tsaya, mutumin bai tsaya ba, zai ci gaba da gudunsa har sai ya sami abin da zai tsayar da shi, ko gilashi ko kwalta.

Yanzu ka tuna uwa a kujerar gaba ta rungume jariri mai kilo 10 a cinya, abin da muke gani kullum a tashoshinmu. A wannan karo ɗin jaririn zai koma kamar kilo 200 a hannunta, buhu huɗu, cikin ƙiftawar ido. Ƙaunarta ba ta gaza ba, hannun ɗan Adam ne bai da wannan ƙarfi. Wurin yaro kujerar baya, a ɗaure.

Bel da jakar iska da gaban mota da aka ƙera don ya lotse duk dabara ɗaya suke yi: ja wa tsayawar lokaci. Mas ba ya canzuwa, gudun da za a kashe ba ya canzuwa, abin da ya rage a hannun injiniya lokaci ne. In ya ninka shi, ƙarfi ya koma rabi. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu da muke amfani da shi yau Nils Bohlin ne ya tsara shi a kamfanin Volvo na Suwidin a 1959. Masu cewa motocin da sun fi na yanzu don ƙarfensu ba ya lotsewa, su sani cewa dukan da ƙarfe ya ƙi sha, ƙashin na ciki ne ke shan sa. Hular kwano ta mai babur ma aikinta ke nan, soson cikinta na matsewa don kai ya tsaya a hankali.

Magina sun riga injiniyoyi gane wannan. Dubi mai cafe tubali idan an jefo masa: ba ya sandare hannu, yana bin tubalin kaɗan kafin ya tsayar da shi.

Shin lodin da ya wuce kima na hana birki kamawa?

Yana hanawa, amma akwai ɗan bayani. Ƙarin kaya na ƙara danne taya a kwalta, don haka riƙon taya na ƙaruwa tare da mas. Matsalar na wurin birkin kansa. An ƙera shi da iyakar ƙarfin da zai iya bayarwa da iyakar zafin da zai iya sha. Tirelar da aka yi wa birki don tan 30 aka ɗora mata 60, da birkin ya kai maƙura, raguwar gudunta rabi ce, nisan tsayawarta ninki biyu. A doguwar gangara kuma birkin ya yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa gogaggen direba ke saukowa da giya ta ƙasa, kamar ta ɗaya ko ta biyu. Mai ƙaramar mota da ke shan gaban tanka ya tsaya mata a hanci, lissafin nan yake wa rainin hankali.

Mota na zagaya shataletale da gudu ɗaya, ina sauyin gudu a nan?

A alƙibla yake. Juya akalar abu ma sai da ƙarfi, kuma ƙarfin na fuskantar tsakiyar da'ira. Yaron da ke korar tsuntsaye a gona da majajjawa yana jin wannan a hannunsa: igiya ce ke jan dutsen ciki, da ya saki ɗaya bakin, dutse ya miƙe sak inda ya dosa. A mota, riƙon taya ne igiyar. Ana samun wannan sauyin ta ninka gudu da kansa a raba da nisan tsakiyar kwana. Mota mai kilo 1,000 a kwanar mita 25 da gudun mita 10 a sakan na bukatar niyuton 4,000. Ka ninka gudun, bukata ta koma 16,000, ninki huɗu, alhali abin da taya za ta iya bayarwa bai kai nauyin motar ba, wato bai kai 9,800 ba. Sai mota ta yi abin da dutsen majajjawa ya yi.

An ce in shanu sun ja amalanke, amalanken ma na jan su daidai wa daida. To yaya ake tafiya?

Wannan dokar Newton ta uku ce, kuma gaskiya ce, sai dai ƙarfin biyu ba a kan abu ɗaya suke sauka ba. Idan amalanke kake wa lissafi, tara abin da ke taɓa amalanke kawai: jan shanu gaba, turjiyar hanya baya. Idan shanu kake wa, ƙasa ce ke tura kofatonsu gaba yayin da suke tokare ta. A kan taɓo mai santsi ƙasa ba ta iya yin wannan turi, sai ka ga shanu na ta fama a wuri ɗaya.

Idan mas na raguwa ana cikin tafiya fa, kamar roka?

Nan sauyin gudu ke hauhawa ko da ƙarfin inji bai ƙaru ba. Rokar Saturn V da ta kai mutane wata ta tashi da mas na kusan kilo miliyan 2.9, injinanta na turi da kusan niyuton miliyan 34. Nauyinta kaɗai ya cinye fiye da miliyan 28, ragowar ba ta wuce miliyan 6 ba. Ka raba, za ka sami kusan mita 2 a sakan cikin sakan, daidai da tashin ɗan acaɓan da muka ambata. Amma tana ƙona kusan tan 13 na mai kowane sakan, tana ta yin sauƙi. Kafin minti biyu da rabi, mutanen ciki na jin jikinsu ya kusa ninka nauyinsa sau huɗu.

Yaya 'yan sama jannati ke auna jikinsu, tunda suna shawagi?

Da wannan doka kai tsaye. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa akwai na'urar da ke jan mutum da sanannen ƙarfi ta auna yadda gudunsa ya ƙaru, sai a raba ƙarfi da sauyin gudu, mas ya fito. Shawagin nasu kuma ba rashin janyowar ƙasa ba ne. A nisan kilomita 400 janyowar na nan kusan kashi 90 cikin ɗari. Su da tashar ne ke faɗowa tare, suna kewaya duniya duk bayan kusan minti 90.

Akwai ƙanwar wannan na'ura a aljihunka. Ɗan mitsitsin ma'aunin sauyin gudu da ke cikin waya shi ke juya hoto idan ka karkata ta, shi ke ƙirga takunka.

Newton ne ya rubuta F = ma da hannunsa?

Ba da waɗannan haruffa ba. A littafinsa Principia na 1687, wanda ya rubuta da Latin, cewa ya yi sauyin motsi na daidai da ƙarfin da aka sa, kuma yana bin alƙiblar ƙarfin. Motsi a wurinsa mas ne a ninka da gudu. Leonhard Euler, ɗan ƙasar Siwizalan, shi ya zuba dokar a sigar lissafi irin ta yau a tsakiyar ƙarni na 18.

Akwai inda dokar ba ta aiki?

Akwai. Idan gudu ya doshi na haske, kusan kilomita 300,000 a sakan, sai a koma lissafin da Albert Einstein ya fitar a 1905, domin a can ƙarin ƙarfi ba ya ba da ƙarin gudu yadda aka saba. A cikin ƙwayar zarra ma wasu dokoki ne ke mulki. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu, daga gada zuwa jirgi zuwa tauraron ɗan Adam, da lissafin Newton ake aiki har gobe.

Wane kuskure ya fi cin maki a jarrabawa?

Mantawa da sauya awo. Kilomita a awa sai an raba da 3.6 kafin ya zama mita a sakan, giram sai an raba da 1,000. Na biyu, saka nauyi a gurbin mas. Na uku, wanda ya fi ba ni takaici domin ɗalibin ya san dokar, shi ne ɗaukar ƙarfin farko da aka ambata a ce shi ne F. Kafin ka taɓa kalkuleta, zana abin a matsayin akwati, ka ja kibiya ga kowane ƙarfi da ke taɓa shi.

Gwada wannan: an ja akwati mai kilo 20 da niyuton 100 a kan daɓe, gogayya na ja baya da niyuton 40. Ragowa 60, a raba da 20, amsa 3 m/s². Wanda ya rubuta 5 ya manta da daɓen. In aka ƙara tambayar gudunsa bayan sakan huɗu daga tsaye, 3 sau 4, mita 12 a sakan.